Akwatin Bulus

Safiyar Laraba ce. Matata Rifkatu ta tafi gona, ni kuma na buɗe shagona na gyaran talabijin. Makarantu na rufe, don haka kafin hantsi yaran unguwa sun cika min benci. Su tara ne, har da nawa biyu: Bulus mai shekara takwas da ƙanwarsa Talatu. Fim ɗin yaƙi suke so, kullum shi ke nan. In an harbe mutum su yi tafi. In an gama su fita da karan dawa suna harbin juna, wanda ya mutu ya tashi ya karkaɗe wando.

Wajen sha ɗaya na tada janareto, suka ƙure murya. Harbin farko da na ji, Allah ya sani, na ɗauka daga akwatin talabijin ne. Na biyu ma haka. Sai kwanon rufi ya ce ƙwal, rana ta shigo ta inda harsashi ya huda.

Wani ya wuce a guje yana ihu: "Ku gudu! Sun shigo!"

Na kashe talabijin. Harbi bai tsaya ba. Yaran suka zuba min ido, ba wanda ya motsa. Telan da ke maƙwabtaka da ni yana kwance a bakin titi. Bulus ya leƙa ya ce, "Baba, ai zai tashi."

Na kora su waje. Na saɓi Talatu, na riƙo hannun Bulus, muka bi bayan kasuwa. A bakin rafi jama'a suka danno, hannunsa ya suɓuce. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Turmutsitsi ya tura ni gaba.

Cikin duwatsu muka yi ta kwana. Motar shanu ce ta kawo mu Jimeta. Daga baya Rifkatu ta iske mu a unguwar Ajiya, ita kaɗai. Ta dubi bayana, ba ta tambaya ba.

Bara wata malamar zane ta zo rumfar da nake aiki tana neman matattun talabijin. Wai za ta jera su a zaure, mutane su ga abin da akwatin ke zuba wa yara a ido. Na ce to, wannan kuma wace irin sana'a ce? Da ta ji labarina sai ta ce mu yi tare. Na yashe cikin akwati tara, muka jera su a benci, daidai tsayin yaro a zaune. Duk yaron da na ji yana raye, na sa ƙwan fitila a cikin nasa. Talatu ta ƙi shiga zauren. Har yau in ta ji talabijin ƙarƙashin gado take shigewa.

Mutane su zo, su ɗauki hoto, su tafi. Ni ina zaune a baya, kewa na cin raina.

Akwati biyar fitilarsu na ci. Biyu mun rufe da farin ƙyalle, an tabbatar mana yaran sun rasu. Biyu babu fitila, babu ƙyalle. Na ƙarshe daga hagu na Bulus ne. Na dai ja masa wayar fitila, na bar ta a shirye.