Makanikin da Ya Ƙi Ɗaukar Guduma

Jiya na ji babban ɗana yana yi wa makaniki tsawa, wai ya cika nawa. Na ce ya rufe mini baki.

Ɗan nan nawa yana jariri, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, zazzaɓi ya kama shi a Kurfi. Mota ɗaya ce za ta Dutsin-Ma inda asibiti yake, ita ma an cire ƙafarta ta gaba, sabon fil, ƙusar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai in an murza sitiyari, ya ƙi shiga raminsa. Malam Sule makaniki ya zura wani ƙarfe mai kaifi, rima, yana murzawa da hannu, yana ɗiga mai, yana gwadawa.

Na ce, "Malam, yaron nan zai mutu a bayana. Buga masa guduma mana."

Ko ɗagowa bai yi ba. "'Yar nan, in na buga zai shiga. Amma a kwanar Rawayau sitiyari zai cije, ga ke ga goyo."

Can sai fil ya shige da turin yatsa. Kafin la'asar an yi wa yaron allura.

Amma a Kurfi na hau motar ne ina hararar bawan Allahn nan, ko sannu ban ce masa ba. Allah ya jiƙan Malam Sule.

Ku fa, wa kuka harara yana tsaka da yi muku alheri?