Baba Kallamu, Wuƙarka Ba Ta Taɓa Yanka Mushe Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Safiyar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ina gaban teburina a mayankar Trans-Amadi ina wasa wuƙa, sai na ga Abdulmuhaimin ya sauko daga okada, kai ba hula. Bai gaishe da kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zo ya dafa teburin da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Tun kafin ya buɗe baki na ajiye wuƙar. Mahaifinsa, Baba Kallamu, ya cika bayan sallar asuba, bayan kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti.

Ni ne Faruk mai kayan ciki, na layi na uku. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa. Na yi shiru da yawa lokacin da Baba yake raye, don shi ya ce in yi shiru. Yanzu ba ya nan da zai hana ni.

Baba, shekara ashirin da shida kana yanka wa jama'a shanu a mayankar nan. Ban taɓa ganin ka wasa wuƙa a gaban dabba ba. Ko ana gaggawa, ko masu gidajen abinci sun cika wuri suna ihu, sai ka ba sa ruwa kafin a kayar da shi. Satina na farko da kafa tebur, na sami hanta mai tsutsa, na yi niyyar in yanke wurin in sayar da saura. Ka zo wucewa ka tsaya. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce, "Faruku, in innarka ce ta miƙo kwano, wannan za ka zuba mata?" Na jefar da ita. Washegari ka kawo mini Madam Happiness, mai dafa abinci a Kasuwar Oil Mill, ka ce mata daga yau a nan za ta riƙa saye. Har yau a wurina take saye. Da ta ji rasuwarka, a ƙasa ta zauna da zanenta na fita, cikin ruwan mayanka.

Ciwon ya fara shekara uku da suka wuce. Ni mai kallo ne, na ga abubuwa tun kafin ka faɗa. Na ga ka daina cin kitse, kai da ba ka raba tuwo da romo. In ka ci, sai ka koma gefe ka durƙusa kana dafe da saman cikinka, ka ce zafin har baya yake ratsawa. Na ga wandonka ya yi maka yawa, ka ƙara wa mazagi ɗauri. Na ga yadda kake zagayawa da buta sau shida, sau bakwai kafin azahar. Wata rana ka ce mini fitsarinka ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wata rana kuma da jini. Ranar da tsakuwar ƙoda ta farko ta fita, gumi ya jiƙa rigarka sharkaf, amma ka wanke hannu ka dawo ka gama shanun da suka rage.

Kai da kanka ka je wurin liman ka tambayi hukuncin alwalarka. Kai da kanka ka daina jan sallah idan ba ya nan. Ba wanda ya sa ka. Mutumin da yake tsoron Allah a kan ɗigo ɗaya a wando, shi aka zo ana wa ƙazafi.

Ga yadda abin ya faro, don jama'a su sani. Ranar farko da aka kai ka asibiti, wani daga cikinmu ya yi rakiya. Likita ya tambaye ka ko kana shan giya, don an ce masu irin wannan ciwo duk ana tambayarsu haka. Ka ce ba ka taɓa ba. Ɗan rakiya ya ɗauko tambayar ya kawo mayanka, amsar kuwa ya baro ta a asibiti. Kafin sati biyu, wasu sun ce Baba yana sha a ɓoye. Wasu da suka ji labarin jini suka ce ai ciwon neman mata ne. Daga nan aka kai inda ake son kaiwa: wai yankan mashayi akwai shakka a kansa. Mutanen da suka girma da naman yankanka suka fara tsayawa gaban teburina suna cewa, "Wa ya yanka na yau?" Manyan mahauta suka kira ka, suka ce ka ɗan huta saboda lafiyarka. Kowa ya san ba lafiyarka suke nufi ba.

Ba ka yi rantsuwa ba, ba ka bi kowa gida ba. Wata Asabar da hantsi ka zo teburina ka ce in ajiye maka kayan cikin sa guda kada in raba. Ka sa aka kira mutane. Ka naɗe hannun riga, ka ɗaga tumbi, ka nuna wata tsoka mai kama da kitse a bayansa, wadda mu ko suna ba mu damu da sa mata ba.

Ka ce, "Kun ga wannan? Likita ya ce sunanta fankiriyas. Ita ke taimakon ciki ya narkar da maiƙo, ita ke riƙe sukarin jini. Tawa ta lalace. Shi ya sa kitse yake wuce ni ban amfana ba, shi ya sa nake yawan zagayawa." Sai ka ɗauko ƙoda ka tsaga ta biyu. "Ya ce idan maiƙo bai narke ba, wani gishiri yakan shiga jini ya zo nan ya daskare. Ita ce tsakuwar. In za ta fita sai ta yanki hanya. Jinin ke nan da kuke ta fassara."

Wani daga bayan taro ya ce, "To Baba, yau kuma ka zama likita ke nan?"

Ka ce, "Shekara ashirin da shida ina buɗe cikin shanu da wuƙa, ɗan nan. Kai na mutane kake buɗewa da baki."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Sai Andrawus, ɗan Kafanchan mai duba lafiyar nama, ya karɓi takardar asibiti daga hannunka ya karanta da ƙarfi, ya mayar da ita Hausa layi bayan layi. A ciki likita ya rubuta cewa ba giya ba ce ta kawo maka ciwon, kuma gwaji bai nuna wata cutar jima'i ba. Andrawus ya ninke ta ya ce, "Ni ba addininmu ɗaya ba, amma naman da Malam ya yanka nake kai wa 'ya'yana."  Duk da haka ba wanda ya ce ka dawo bakin aiki. Wata huɗu bayan haka wata tsakuwa ta toshe hanya, zazzaɓi ya shiga, ƙodar ta tsaya.

Na ga masu maganar nan a jana'izarka, a sahun gaba. Ban hana su ba, Allah Ya ba su ladan sallah. Amma na ji ranar Juma'a, bayan sadakar bakwai, manya za su zauna a kan wanda zai gaji wurin yankanka, kuma wasu sun fara cewa kada a ba Abdulmuhaimin, wai a bari ƙurar gidan ta kwanta. Wace ƙura? Shekara tara yana yanka a gabanka, ba a taɓa mayar masa da sa ba. Idan aka hana shi, to an sa hannu a kan ƙaryar da aka yi wa mahaifinsa, kuma 'ya'yansa za su taso da ita. Ba a gayyace ni zaman ba. Zan zo. Zan jira manya su gama, kamar yadda ka koya mini, sannan in miƙe.

Allah Ya jiƙanka, Baba Kallamu. Allah Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Kulu, matar Baba, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da jinyar shekara uku da kika yi ba ƙorafi. Abdulmuhaimin da Suwaiba, 'ya'yan Baba, ku ɗaga kanku, ba ku da abin kunya. Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda kuma zai ce Faruk ne ya ƙirƙiro zancen Asabar ɗin nan don son Baba, to ba ni kaɗai ba ne a wurin. Akwai Andrawus. Akwai Alhaji Manu dillalin shanu. Akwai Saifullahi mai fiɗa, da Madam Happiness, da liman. Duk suna raye, kowa ya san inda ake samunsu. A tambaye su kafin Juma'a.