Mutumin da Yake Karatu da Baya-baya

Shekara talatin da ɗaya Mai Jan Biro ya yi a ɗakin baya na wata maɗaba'a, cikin ƙarar inji da warin tawada, yana farautar kurakurai a littattafan mutane kafin a buga su. Yadda yake aikin shi ne abin kallo. Sai ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora rula ƙarƙashin layin ƙarshe, ya kama kalmar ƙarshe, ya riƙa tahowa da baya-baya har ya iso farko. Wai idan mutum ya bi labari, daɗi zai ɗauke masa hankali, kuskure ya sulale. Ba ƙarya ya yi ba, ko ɗigo bai taɓa tsere masa ba. Sai dai cikin littattafai dubu biyu da yake taƙamar ya karanta, babu ɗaya da zai iya gaya maka wa ya mutu, wa ya rayu.

Unguwa kuwa ta ɗauke shi gagara-badau. Da la'asar yakan zauna a bencin tela yana rabon asalin kalmomi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ka yi kuskuren cewa sabulunka ya ƙare, sai ya sanar da kai cewa daga Larabci aka aro sunan, ya riƙe ka har rana ta faɗi, ka koma gida da dattinka.

Mai karatu ta gaskiya a gidan ita ce matarsa. Littattafan da inji ya yanka a karkace, waɗanda yake kwasowa don a shimfiɗa takardunsu a kan kantar ɗaki, su take bi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya ita kaɗai, ta yi hawaye, tukunya ta kama. Shi kuma ya taɓe baki ya ce wannan ai shan labari ne, karatu yana wurin masu rula.

Ran nan ta dawo daga asibiti jiki a sanyaye.

"Malam, likita ya ce..."

"Kin san likita ba kalmarmu ba ce? A bakin Turawa muka tsince ta. Asibitin ma haka."

Sau uku tana ɗauko zancen, sau uku yana kai ta makaranta. Da ta ga baki ba zai yi ba, sai ta ce bari ta bi shi ta inda ya fi ƙarfi. Ta rubuta masa wasiƙa shafi biyu, da manyan haruffa: idonta yana tafiya, likita ya ce ba zai kai baɗi ba, kuma ba ta roƙonsa komai sai ya riƙa karanta mata littafin da ta tsaya a tsakiyarsa, na matar da ke neman ƙaninta da ya ɓace a tashar jirgi.

Ya karɓa da murna, ya ɗauko rula, ya fara daga sa hannunta. Washegari ya mayar mata da ita da jan zane uku, ya rubuta "An duba" a ƙasa, har da yabon cewa rubutunta ya yi sauƙi a kan na wasu marubutan. Ta ninke takardar ta cusa cikin littafin. Takaici ya hana ta ko kuka.

Bayan wata biyar 'yarsu ta zo ganin gida, ta tarar da uwar ta riƙe littafin a juye, ta kuma ga wasiƙar.

"Baba, ka karanta wannan?"

"Har sau biyu."

"To, zauna ka ji abin da ke ciki."

Ta karanta masa daga farko, kamar yadda sauran bayin Allah ke yi. Mai Jan Biro ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da safe ya jawo kujera kusa da matarsa, ya buɗe inda ta tsaya. Hannunsa ya nufi rula, ta laluba ta danne shi.

Da farko yana tuntuɓe, kamar mai koyon keke da furfura. Can sai murya ta daidaita, matar ta lumshe ido tana murmushi. A shafi na shida da farawa muryar ta soma raguwa. A na tara sai leɓe kawai ke motsi. Abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gudu ya cim masa: labari ya kama shi, har gumi yake yi don tsoron kada jirgin ya tashi ba a ga ƙanin ba. Ita kuwa tana zaune cikin duhunta, tana jin ƙarar shafi yana juyawa.

"Malam, to sai me ya faru? Ta gan shi?"

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ke, yi shiru mana. Ba ki ga ina karatu ba?"