Kwaɗon da Aka Naɗa Mai Auna Gulbi

A shekarar da damina ta yi mana rowa, babu mai iya zama wuri ɗaya a gidanmu na Illela, har kaji. Baba ya dasa albasa a bakin tafkin Kalmalo, ita ce abincinmu na rani, ga shi gulbin da ke gangarowa daga Nijar yana cika tafkin ya zo kamar fitsarin akuya. Ma'aikatan ruwa daga Sakkwato sun kafa wani dogon ƙarfe mai zane-zane a gaɓa, suna zuwa duba inda ruwa ya tsaya. Suka ce ba zai kai albasa ga girbi ba. Baba ya ce zancen banza ne, kullum gugan jigonsa cike yake fitowa.

Bayan isha'i muka kewaye wutar kara, ni da ƙannena da kakarmu, Inna Tumba. Baba yana gefe da igiya a hannu, ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo.

"Kai, mijin banza, matso," in ji Inna, tana tsokanata. "Ga wata tatsuniya nan tahe, ku tare ta."

Wai sarkin dabbobi ne ya naɗa kwaɗo mai auna gulbi, don in ruwa ya ja a yi ƙaura da wuri. Kullum da safe kwaɗo ya shiga, ya dawo ya faɗi gaban sarki. Nan Inna ta kumbura kumatu, ta zazzaro ido: "Ranka shi daɗe, har wuya!" Kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai kowace safiya yakan ƙara tsalle zuwa tsakiya kafin ruwan ya kamo wuyan. Ranar da ƙishi ya kori dabbobi zuwa gulbi, suka tarar da shi dunƙule cikin sawun saniya, yana ihu, "Har wuya!"

Na yi dariya har wandona ya kusa kama wuta. Sai bakina ya riga ni: "Inna, ai jiya ma Baba ya matsa da jigonsa gaba!"

Baba ya ajiye igiyar.

"Mi kac ce?" in ji Baba.

"Bar mini mijina," Inna ta ce, tana tura kara cikin wuta. "Ni dai kwaɗo nac ce."

Yanzu da na fara gemu, irin wanda sai an kawo fitila ake ganinsa, na daina yi wa kwaɗon nan dariya sosai. Ƙarfen ma'aikata ba shi da bakunan ciyarwa a gida, shi ya sa yake iya tsayawa wuri ɗaya ya faɗi gaskiya. Baba yana da mu.

Ya ci gaba da matsa jigon har guga ya koma ɗebo taɓo. Albasar ta bushe tun tana ƙarama. Ya sayar da jakinmu ya tafi ci-rani Ikko, bai dawo ba sai da ruwan shuka ya sauka.