Malama Asma'u Mai Adaka

Kafin rana ta gama leƙowa daga bayan duwatsun Kazaure, adaidaita sahu ya riga ya sauke Malama Asma'u a ƙofar wani ɗan ofis da ke rubuta wa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa manhajojin waya. Ita ke buɗe ƙofa. Ta ajiye kwanon koko a gefe, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna kwamfuta. Kowa a ofishin yana da manhajar da ake kiransa da ita. Ita ba ta da ko ɗaya. Adaka kawai gare ta.

Adakar nan ba ta ƙarfe ba ce. Tarin ƙananan umarnin kwamfuta ne da take kira 'yan aike. Ka ba wannan jerin sunaye ya tace maka, ka ba wancan ya jera, wani kuma aikinsa ya ɗaure 'yan aike biyu, abin da na farko ya kawo na biyu ya karɓa. A ciki akwai Madubi, wanda in ka tambaye shi labarin kowane ɗan aike zai faɗa maka sunansa, me yake karɓa, wa ya kira shi, me ya taɓa. Manhajar dillalan hatsi ta Babura, da ta masu allurar shanu a Gwiwa, duk a kan Adaka suke tsaye. Amma ranar ƙaddamarwa wasu ke hawa dandamali su sha tafi, ita tana kujerar baya tana riƙe wa wata jaka. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Doka ɗaya ce da ita, kuma ba ta lanƙwasuwa. Ɗan aike ba ya taɓa abin da aka ba shi. Ya kwafa, ya yi aikinsa a kan kwafin, ya bar na asali yadda ya same shi. Wanda ya cika wannan sharaɗi sai ta sa shi a Adaka, da sunan mai shi a samansa. A ofishin nan babu lambar yabon da ta kai wannan, don haka babu abin da ya kai shi tayar da ƙyashi.

Sama'ilu, wanda ya fi kowa saurin hannu a cikinsu, ya daɗe yana son ganin sunansa a ciki. Sai ga Sadiyya, wadda ta zo bayansa, an karɓi nata ɗan aiken a watanta na farko. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya rubuta nasa mai jera sunaye, ya kai.

Malama ta duba, ta ce, "Yana da sauri, Sama'ilu. Amma yana juya abin da aka ba shi."

"Malama, ai ba a ga ya yi ɓarna ba."

"Tukuna dai."

"Da na Sadiyya ne da tuni an yi masa guɗa."

Sadiyya ta ce daga teburinta, "Yaya Sama'ilu, in koya maka ne? Kyauta nake yi ranar Juma'a."

Ya fita yana huci. Bai gyara ba. Sai ya cusa ɗan aiken kai tsaye cikin manhajar da yake ginawa, ta layin masu jiran tarakta. Wata ƙungiyar manoma ta yankin Roni ke da taraktar, kuma ƙa'idarsu wanda ya fara rajista shi za a fara yi wa huɗa.

Ruwan farko ya sauka. Shugaban ƙungiya ya buɗe manhaja, ya taɓa wurin da ke nuna gonaki daga babba zuwa ƙarama, don kawai ya kimanta man da tarakta za ta sha. Ɗan aiken Sama'ilu ya jera, kuma ainihin layin ya jera. Kafin azahar saƙo ya shiga wayoyi: masu manyan gonaki a gaba, masu 'yan ƙanana a can ƙarshe.

Washegari babura suka cika ƙofar ofis. A gaba akwai Baba Zarami, dattijo mai 'yar gonar gero, wanda ya fara rajista tun rani.

"Ina yaron? Me alhazan suka ba shi ya mayar da ni wutsiya? In laimar nan ta wuce, shi zai ciyar da jikokina?"

Mai ofis ya kalli Sama'ilu, ya ce in magana ta tabbata, yau zai kwashe kayansa. Kuma duk wanda ya san Kazaure ya san ba aikin kaɗai zai rasa ba. Kafin magariba sunan maciyin hanci zai riga shi isa gida. Sama'ilu yana ta rantsuwa, babu mai saurare.

Ke ce kika miƙe, Malama. Waɗanda ke wurin sun ce ko muryarki ba ki ɗaga ba. Kika shimfiɗa wa Baba Zarami darduma, kika juyo da kwamfuta yadda kowa zai gani, kika saki Madubi a kan manhajar. Ya nuna babu hannun mutum da ya matsar da suna ko ɗaya. Ɗan aike guda ne ya taɓa layin, a daidai lokacin da shugaba ya danna.

"Baba, ba cin hanci ba ne. An aiki yaro ya ƙirga buhuna, sai ya sake musu wuri."

"To a mayar da su!"

Bayanin lokacin da kowa ya yi rajista yana nan, don 'yan aiken Adaka ne suka ajiye shi, su kuwa ba sa taɓa na asali. Kika ture wa Sama'ilu kwamfutar, kika ce shi zai mayar. Ɗan aiken da ya dace da aikin kuwa na Sadiyya ne. Ya rubuta sunanta da yatsunsa, ya kira ɗan aiken nata. Sunan Zarami ya dawo sama. Dattijo ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan. Ke kuma Allah ya ƙara miki haske."

Da kowa ya watse ba ki ce "ai na faɗa maka" ba. Layi ɗaya kika sa ya gyara, kika karɓi ɗan aikensa cikin Adaka. Ina ƙyashin irin wannan zuciya, ban ɓoye ba.

Yanzu idanu sun fara gajiya, Malama za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan. Ranar da ta ce Sama'ilu zai riƙe Adaka, Sadiyya ta kusa kifar da kujera.

"Malama! Wanda ya kusa sa mutanen Roni su cinye mu ɗanye?"

"Shi ya ga idon Baba Zarami. Ba zai manta ba. Ke kuma Madubi naki ne, ki sa masa ido."

Su biyun suka harari juna, kowa yana ganin an ba ɗan'uwansa mafi tsoka.

Mun gode, Malama Asma'u, uwar 'yan aike. Allah ya saka miki, ya ba idanunki hutu. Ku kuma matasa masu rububin hawa dandamali, a samu waɗanda za su zauna su ƙera abin da wasu za su tsaya a kai. A makon jiya Sadiyya ta kai wa Sama'ilu sabon ɗan aike. Ya duba, ya sake dubawa, yana neman aibu kamar ransa zai fita. Bai samu ba. Ya rubuta sunanta a sama.