Kaskon da Aka Hana Shiga Kasuwa

Kakata Talatu maginiya ce, kuma a bakin ramin gashin tukwanenta na ƙauyen Jama'a na ji yawancin tatsuniyoyin da na sani. Ranar Asabar take gashi, don ba ta taɓa yumɓu ran Lahadi. Da la'asar za ta jera tukwane da kasake a ramin, ta lulluɓe su da kara da busasshiyar ciyawa, rana na faɗuwa ta kunna wuta. Dole a zauna a yi gadin wutar, don haka mu jikoki mukan kewaye ta da gyaɗarmu a hannu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi ga wata nan tafe da laka a ƙafa, mu kuma mu amsa cewa ta shigo, mun share mata wuri.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Tabawa, wata maginiya da mahaifinta ya tsufa har hannunsa na rawa. Kullum aka ba shi romo a faffaɗan kasko, rabi a rigarsa yake ƙarewa, har ya daina cin abinci a gaban mutane. Tabawa ta gina masa kasko mai zurfi, mai kaurin gindi, bakinsa ya ɗan tanƙwaso ciki, ta kuma danna babban yatsanta a gefe don ya sami mariƙi. Tsoho ya sha romonsa tas. Da ta kai irinsa kasuwa, sarkin kasuwa ya ce wannan mummunan abu zai zubar da mutuncin maginan garin, sai ta shafe lotsawar ko ta fita. Ta fita, ta kasa kayanta a gindin tsamiya a bakin hanya. Ya aiko aka farfasa su.

A nan Kaka kan dakata ta gyara wuta, ta bar mu da zullumi. Sannan ta ce, "Kun zaci kuka ta yi? Tsingaron ta tsince, ta daka a turmi, ta cuɗa da sabon yumɓu. Abin da ya fito, ko wuta ba ta iya tsaga shi."

Shekaru suka wuce, hannun sarkin kasuwa ya fara rawa, ya aiko a saya masa ɗaya a ɓoye. Tabawa ta ce ya tako da ƙafarsa, da rana tsaka. Ya zo, ta ba shi.

Na girma na koyi aikin tangaran, na buɗe ɗan wurin aiki a Samaru. Shekara guda na yi ina fama da kwanon taliya mai romo, irin wadda ɗalibai ke sha safe da yamma. Na zurfafa shi don kada romon ya huce da wuri, na tsuke ƙasan don ya taru wuri ɗaya, na ɗaga gindin don mutum ya ɗauka bai ƙone ba. A baki na yanka ɗan gurbi inda cokali mai yatsu zai kwanta bai zame ciki ba. Da yawa sun tsage a wuta kafin na dace.

Sai wani mai buɗe gidan abinci a Sabon Gari ya nemi in yi masa kwanukan gidan gaba ɗaya. Aiki ne da zai fitar da ni daga ɗakin haya. Ya jujjuya samfurin, ya ce ya yi kama da kayan ƙauye. Shi fari yake so, faffaɗa, marar kauri, wanda taliya za ta baje a ciki ta yi kyau a hoton waya. Na zuba ruwan zafi a irin wanda yake so, na miƙa masa. Ya karɓa, ya dire da sauri yana yarfe hannu, amma ya ce duk da haka shi za a yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, launi zan iya canza maka. Kwanon da zai ƙona mai ci kuwa, ba da hannuna ba."

Ya ce ba a shagunan PZ kaɗai ba, ko'ina zai sami kwanukan ƙasar waje. Na kwashe samfurina na hau keke napep na koma Samaru. Washegari na kai kwanukan wurin Maman Bitrus, mai dafa taliya a bakin titinmu, na ce ta gwada. Bayan sati ta aiko a ƙaro, wai yara sun daina barin romo.

Mutumin bai taɓa dawowa ba, gidan abincinsa kuma yana nan cike da jama'a. Ina yarinya na ɗauka daɗin labarin Tabawa shi ne zuwan sarkin kasuwa. Yanzu ina ganin Kaka ta ƙara wannan ne don mu yara mu ji sanyi. Tabawa ba ta san zai zo ba a duk shekarun da ta yi a bakin hanya, kuma ba don shi take gini ba. Ni ma har yau ina ɗakin haya, gobe kuma da sassafe zan kwaɓa yumɓu.