Baba Waya Ba Ya Ƙwace Zane

A kamfanin zanen gine-ginen nan ba mai tuna sunansa na yanka, Baba Waya kowa ke ce masa. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma haɗa wayoyi, har furfura ta same shi a wani ɗan ɗaki a ƙasan bene, yana kula da babbar kwamfutar da duk ma'aikata ke ajiye zanensu a ciki.

Ƙa'idarta ɗaya ce. In ka buɗe zane daga teburinka, sai ta damƙa maka shi, ta rubuta cewa yana hannunka. Kowa na iya leƙawa, amma ba mai taɓawa sai ka rufe. Baba Waya na iya ƙwace shi da dannawa ɗaya, sai dai duk abin da ba ka adana ba ya bi ruwa. Shi ya sa ba ya yi. Da gwiwarsa mai ciwo zai hau bene, yana haki, ya tambayi mai riƙe da zanen, "An gama da shi?"

Samari na tsokanarsa, "Baba, ka buga waya mana, ai sunanka ne!"

Ya ce, "Ku da kuke cewa eh ba ku duba ba?"

Akwai wata sabuwar mai zane da aka ɗauka gwaji, zanen wata makaranta ne zai tabbatar da ita ko ya kore ta. Tana tsakiyar aiki aka kira ta, mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi. Ko jaka ba ta ɗauka ba. Zanen na buɗe, aikin yini guda ba a adana ba, allon kwamfutarta kuma ya kulle kansa.

Manaja ya sauko a fusace. "Baba, ƙwato min zanen nan, masu shi na jira!"

"Ranka ya daɗe, ga kwafin na jiya a nuna musu. Wancan yana hannun yarinya."

Manaja ya yi tsaki, ya karɓa. Baba Waya ya hau sama, ya manna salatif a makunnin soket ɗin kwamfutar yarinyar, ya roƙi mai shara kada ta kashe shi.

Da jikin tsohuwa ya yi sauƙi, yarinyar ta dawo, ta riga ta fid da rai da aikin. Ta buɗe allo. Ga zanenta nan, har layin tagar da ta bari rabi. Wallahi daɗi ya rufe ta, sai hawaye.

Ta ga salatif a makunni, ta ji hakin Baba Waya a bayanta, sai ta gane.

"Baba, da me zan saka maka?"

"'Yata, adana shi tukuna, sannan ki yi kukan."